Mai Rabon Lambar Zama Shi Ma Yana Buƙatar Mataimaki

"Yau babu rezo." Wannan magana ta zama ruwan dare a makarantun Yamai da suka samu ɗakin kwamfuta. Malami ya shirya darasinsa, yara sun yi layi sun shiga, kowa ya kunna injin da ke gabansa, sai a tarar babu mai iya buɗe komai. Daga nan sai rabon laifi: wannan ya ce kuran ne, wancan ya ce kamfanin sadarwa ne, wani ya ce ai darakta bai biya kuɗin wata ba. A mayar da yara aji, a ci gaba da koyar da kwamfuta da alli a kan allo.

Sau da yawa kuwa wuta na nan, kuɗin wata an biya, wayar kamfani ma lafiyarta lau. Abin da ya kwanta wani ɗan aiki ne da ba a ganinsa, wanda a yawancin makarantu akwati ɗaya tak ke yinsa, wato akwatin wifi ɗin nan da aka ɗora kan kabad ko aka rataye a bango, ƙura ta rufe shi. Aikin shi ne raba wa kowace na'ura adireshi. Ra'ayina shi ne duk makarantar da ta iya sayen kwamfuta ashirin ba ta da hujjar barin wannan aiki a hannun akwati ɗaya, kan soket ɗaya, da mutum ɗaya da ya san kansa. Kuma iyayen da ke zuba kuɗi a asusun COGES suna da haƙƙin tambaya a kan haka, ko da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

Malamai za su fi kowa saurin gane yadda abin yake, domin sun san ranar jarrabawar BEPC. Ɗalibi ba ya shiga ɗaki ya zauna inda ya ga dama. Akwai lambar tebur, akwai mai riƙe da takardar sunaye, kuma lamba ɗaya ba ta zama ta mutum biyu. Haka kwamfuta take. Kafin ta yi magana da firinta, ko da kwamfutar malami, ko da intanet, sai ta samu lambarta, irin su 192.168.1.25. Da an kunna ta sai ta yi shela a cikin rezon makaranta: wa zai ba ni lamba? Mai rabo ya amsa ya ce ga wata. Ta ce na karɓa. Ya ce na rubuta. Saƙo huɗu ke nan, cikin ƙiftawar ido. Tare da lambar yana gaya mata ƙofar da za ta bi ta fita zuwa intanet, da wanda za ta tambaya idan tana neman sunan wani shafi. Sunan wannan tsari DHCP. Ba sabon abu ba ne: tun 1993 aka fara fitar da ƙa'idarsa, aka sabunta ta a 1997 a hannun wani malamin jami'a ɗan Amurka, Ralph Droms, kuma a kanta ake tafiya har yau.

Abin da ya sa wannan matsala ke ruɗar mutane shi ne lambar ba kyauta ba ce, haya ce mai wa'adi. A wasu akwatunan wa'adin kwana guda ne, a wasu mintoci ne kawai, a uwar garken Windows kuma kwana 8 ne idan ba a taɓa saitin ba. Idan rabin wa'adi ya wuce, kwamfuta kan koma wurin wanda ya ba ta ta nemi ƙari. Idan bai amsa ba, ba ta tayar da hankali, sai ta ci gaba da aiki tana sake gwadawa. Idan kashi bakwai cikin takwas na wa'adin ya tafi, sai ta daina neman shi kaɗai, ta yi shela ga duk wani mai rabo da ke kusa. Idan wa'adi ya ƙare babu wanda ya kula ta, dole ta ajiye lambar. A nan ne za ka ga kwamfuta ta laƙaba wa kanta wata lamba mai farawa da 169.254, wadda ba ta kai ta ko'ina a waje. Duk malamin da ya ga wannan lamba a injinsa, to ya daina kiran kamfanin sadarwa. Ciwon a cikin gida yake.

Saboda wannan wa'adin, mai rabo yana iya mutuwa ranar Litinin, a wayi gari Talata rabin injuna suna aiki, rabi sun ƙi. Kwamfutar darakta tana tafiya, ta sabon malamin da ya zo da tasa ta ƙi shiga. Sai a fara zargin yara da taɓe-taɓe, ko a ce injunan tsofaffi ne. Wasu makarantun har mai gyara suke kira ya goge kwamfuta lafiyayya ya sake zuba mata komai, a biya shi, alhali ba ta da laifin komai.

Kuma a garin nan akwatin yana da dalilan mutuwa da yawa. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ɗakin kwamfuta kuwa a rufe yake saboda ɓarayi. Hunturu ya zo da ƙurarsa ta toshe 'yan ramukan shan iska. Damina ta zo da tsawa. Uwa uba ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, wadda ta fi cin 'yar cajar akwatin kafin ta ci akwatin kansa. Na'urar da aka ƙera don falon gida mai sanyi ita muke ɗora wa nauyin makaranta guda, sannan mu yi mamaki idan ta gaji.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu 'yan Nijar babu wanda zai koya mana illar dogaro da hanya ɗaya. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta Yamai kuma ta layin Birnin Kebbi. A farkon watan Agusta aka yanke ta a cikin takunkumin CEDEAO, kowa ya ga yadda garin ya koma. Injunan Goru Banda da tashar hasken rana mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen shekarar su ne suka rage zafin abin. Kafin ranar, mai yiwuwa wani ya kalli kuɗin da aka zuba a Goru Banda ya ce ga wuta mai araha tana zuwa daga maƙwabta, me ya kawo wannan ɓarna. Bayan ranar ban ji mai faɗin haka ba.

Darasi na biyu ya fi wannan zurfi. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa kusan lokaci guda. Ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka shiga wahala, har da mu da ba mu da teku, domin ta ƙasashen gaɓa intanet ɗinmu ke shigowa. Ga wayoyi har huɗu, amma da yake wuri ɗaya suka ratsa, abu ɗaya ya same su baki ɗaya. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Akwai kuma na uku, wanda ya yi kama da matsalar ɗakin kwamfutarmu ƙwarai. Lambobin da akwatin makaranta ke rabawa na cikin gida ne. Lambobin fita duniya kuwa, waɗanda kamfanoni irin su Niger Telecom da Airtel da Moov da Zamani ke aiki da su, hukuma ɗaya ce ke raba su ga Afirka duka, wato AFRINIC da ke tsibirin Morishus, ɗaya daga cikin irinta biyar a duniya, wadda aka amince da ita a 2005. Shari'a ta haɗa ta da wani kamfani mai suna Cloud Innovation, aka rufe asusunta na banki a 2021, ta zauna babu kwamitin gudanarwa tun 2022, kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023, sai a Satumbar 2025 aka samu zaɓen sabon kwamiti. A duk tsawon lokacin talaka bai ji komai a wayarsa ba, domin lambobin da aka riga aka bayar suna aiki. Masu neman sababbi ne suka sha jira. Daidai da kwamfutar darakta da ta sabon malami.

To, yaya ake yi wa mai rabo mataimaki? Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka abin sayen akwati na biyu ne a jona. Wannan ya fi rashin mataimakin muni. Ka ɗauka masu tsaron jarrabawa biyu ne a ƙofa ɗaya, kowa da takardarsa, babu mai duba ta ɗan'uwansa, kowa yana ba da lamba daga 1. Yara biyu za su tsaya kan tebur ɗaya. Kusan duk akwatin wifi da ake sayarwa a kasuwa yana zuwa da aikin rabon adireshi a kunne. Malami mai kyakkyawar niyya zai kawo nasa daga gida ya jona don ɗakin malamai ya samu wifi, kafin azahar rabin makaranta ta karɓi lamba daga wurinsa, tana neman fita ta ƙofar da ba ta buɗe ba. Kwamfuta ba ta tantance wane ne na gaskiya, yawanci wanda ya riga amsawa shi take bi. Don haka doka ta farko a kowace makaranta ita ce kada a jona wani akwati sai an kashe masa aikin rabo, ko an tsara shi da gangan.

Tsari mafi sauƙi shi ne a raba takardar gida biyu. Rezo irin na 192.168.1 yana da lambobi 254 da za a iya amfani da su. A ware na farko-farko ga abubuwan da ba sa motsi, kamar firinta da uwar garke. Sauran a ba na farko daga 50 zuwa 149, na biyu daga 150 zuwa 249. Dukansu suna aiki, dukansu suna nuna ƙofar fita ɗaya, amma babu mai taɓa rabon ɗan'uwansa, saboda haka ba za su taɓa ba na'ura biyu lamba ɗaya ba. Littattafan fasaha sun saba cewa a raba 80 da 20. Wannan lissafin na wurin da mai gyara ke zuwa cikin awa biyu ne. A inda neman caja kaɗai kan ci mako, kashi 20 zai ƙare tun ranar farko. Gara a raba daidai, a tabbata kowane rabi shi kaɗai zai ɗauki dukkan injunan makarantar. Kada kuma a manta da wayoyin hannu. Makarantar da ke da kwamfuta 25 za ta iya samun waya 100 a kan wifi ɗinta idan kalmar sirri ta fita, kowace kuma tana cin lamba.

Manyan wurare, irin lise mai ɗakuna da yawa ko Jami'ar Abdou Moumouni, ya fi dacewa su bi tsarin da masu rabon biyu ke riƙe da takarda ɗaya. Duk lambar da ɗaya ya bayar sai ya shaida wa ɗayan nan take, kuma kowane ɗan lokaci suna taɓa juna don a san kowa na raye. Idan ɗaya ya yi shiru, ɗayan ya ɗauki aikin daga inda aka tsaya, kwamfutoci ba su ma canja lamba ba. Ana iya sa su raba aikin tare, ko ɗaya ya yi aiki ɗaya ya zauna jiran ko-ta-kwana. Windows Server ya zo da wannan tun fitowar 2012. A ɓangaren manhajojin kyauta akwai Kea, wadda ƙungiyar ISC ta maye gurbin tsohuwar manhajarta da ita bayan ta daina kula da tsohuwar a ƙarshen 2022, kuma tana iya tafiya a kan ƙaramar na'ura maras cin wuta. Sai dai wannan tsari yana da sharuɗɗa. Agogon na'urorin biyu dole ya yi daidai, a Windows saɓanin da ya wuce minti ɗaya ma yana hana a ƙulla su, kuma tsohuwar kwamfutar da batirin agogonta ya mutu tana komawa wata shekara daban duk lokacin da aka ɗauke wuta. Sannan idan wayar da ke tsakaninsu ce ta tsinke, kowa zai iya zaton ɗan'uwansa ne ya mutu. Akwai saiti don wannan, amma sai mai sani. Ba zan shawarci ƙaramar makaranta ta shiga nan ba idan babu wanda zai kula da shi.

Ga ƙaramar makaranta ma akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa. Idan akwati ɗaya ne ke rabon adireshi, shi ne wifi, shi ne kuma ƙofar fita intanet, to mai rabo na biyu ba zai dawo da intanet ba ranar da akwatin ya ƙone. Abin da ya fi amfani a nan shi ne akwati na biyu irinsa sak, a saita shi daidai da na farko, a gwada shi, a mayar da shi kwalinsa tare da cajarsa a kulle a ofishin darakta. Ranar da na farko ya mutu, cirewa ne da jonawa, minti biyar. Ba abin burgewa ba ne, amma yana aiki. Duk da haka mai rabo na biyu bai zama banza ba, domin ba kowane darasi ke buƙatar intanet ba. Makarantar da ta ajiye littattafai, tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ko Wikipedia ta hanyar manhajar Kiwix a kan kwamfuta ɗaya, yara na iya karanta su ko da an yanke duniya gaba ɗaya, muddin injunansu sun samu lamba.

Yanzu mu koma kan wayoyin teku huɗu. Akwati biyu a kan soket ɗaya akwati ɗaya ne. Idan wuta ta dawo da ƙarfi, tare za su tafi. Idan rufin ɗakin ya yi yoyo, tare za su jiƙe. Mataimaki ya zauna a wani ɗaki, ko aƙalla a kan wata wuta daban, da ɗan batirinsa. Waɗannan akwatuna ba su da ci, ƙaramin batir da faifan sola ɗaya sun ishe su wuni. Abin takaici ne ka ga makaranta da janareta mai ɗaukar ɗaki guda, amma akwatin da kowa ya dogara da shi yana mutuwa yana tashi sau biyar a rana, wani ma duk tashi sai ya manta wa ya ba wace lamba. Tsawaita wa'adin haya ma yana taimakawa: ga kwamfutocin da ba sa barin ɗaki, kwana bakwai ya fi awa biyu, domin yana ba da sararin gyara kafin kowa ya ji a jikinsa. Ga wifi na baƙi da wayoyi kuma a gajarta, don lambobin su riƙa dawowa.

Amma mai rabon da ya fi saurin ɓacewa a makarantunmu ba na'ura ba ne. Mutum ne. A kusan kowace makaranta akwai mushe ɗaya, galibi matashi, sau da yawa ɗan kwantaragi, wanda shi kaɗai ya san kalmar sirrin akwatin da yadda aka jera wayoyin. Ranar da aka canja masa wurin aiki zuwa Doso ko Tilaberi, ko ya samu abin da ya fi, ilmin ya hau mota tare da shi. Wani lokacin ma ba malami ba ne, ma'aikacin wata ƙungiya ce da ta kawo kayan, ta ɗauki hoto, aikinta ya ƙare bayan shekara biyu. Makaranta tana da rajistar sunayen yara, da ta maki, da ta kuɗi. Me ya hana a samu littafi ɗaya na rezo? A rubuta da biro wane akwati ke rabo, daga wace lamba zuwa wace, wace ce lambar firinta, ina mataimaki yake. Kalmar sirri a sa ta a ambulan a rufe, ɗaya wurin darakta, ɗaya wurin shugaban kwamitin iyaye. A kuma koya wa malami na biyu, zai fi kyau a samu malama, tunda su ne aka fi barin su a baya a irin wannan horo, alhali a makarantun firamare na birni su ne suka fi yawa.

Na san abin da wani uba zai ce, kuma ba zan raina maganarsa ba. A ƙasar da dubban azuzuwa na zana ne, a garin da gobara ta cinye yara kusan 20 a makarantar unguwar Pays-Bas a watan Afrilun 2021, wa ke da bakin maganar akwatin ajiya? Gaskiya ne, idan zaɓin tsakanin gina aji ne da sayen kwamfuta, a gina aji. Amma maganata ga waɗanda suka riga suka yanke shawarar kashe kuɗin ne: makarantu masu zaman kansu da ke ƙara wa iyaye kuɗin darasin kwamfuta a kowace shekara, da na gwamnati da suka samu kyautar kaya, da kwamitocin da suka tara gudummawa. Akwati na biyu da batirinsa ba su kai kuɗin kwamfuta ɗaya ba. Ɗaki mai injuna 19 da ke aiki duk shekara ya fi mai 20 da ke rufe wata biyu ana jiran mai gyara. Matsalar ita ce kwamfuta ta ashirin ana ganinta ranar buɗe ɗaki, akwatin da ke cikin kabad kuwa ba ya fitowa a hoto. Shi ya sa a takardar kwangila ba a cika sa shi ba, sai idan mai biyan kuɗin ya dage.

Iyaye ba sa buƙatar sanin DHCP kafin su dage. A taron kwamiti na gaba, idan aka zo kan kuɗin ɗakin kwamfuta, uwa ɗaya ta ɗaga hannu ta tambayi darakta wane akwati ne idan ya mutu komai ya tsaya, ina na biyunsa, kuma wa ya san saitinsa ban da mushe wane. Idan aka ce akwai, kada a tsaya ga baki. A sa rana, wata yamma da babu darasi, a kunna injuna duka, a zare wutar akwati na farko a gaban 'yan kwamiti, a jona na ajiya idan irin wannan tsarin ne, sannan a kawo wata waya ko kwamfuta da ba ta taɓa shiga rezon ba a gwada ta. Sabuwar ce za ta faɗi gaskiya, domin tsofaffin suna riƙe da lambobinsu na jiya. Idan ta samu lamba ta buɗe shafi, a rubuta ranar a littafin rezo, a sake gwadawa kafin zafin Afrilu. Idan kuwa ta nuna 169.254, a riƙe cikon kuɗin ɗan kwangila har ya dawo.